Awon Numfashin Gona

Na auna dawa da kwano, na auna gyaɗa da buhu,
auduga kuwa sai sikelin hukuma a bakin titi,
inda magatakarda ke kau da kai in allura ta karkato wajena.
Shekara hamsin ina awo a Mai Wurno,
ban taɓa jin an auna abin da ba shi da inuwa ba.

Sai ga Rumaisa'u, 'yar ƙanena Attahir,
ta sauko daga motar Madani da akwati mai ƙara kamar kayan wanzami.
Ta kafa zoben ƙarfe a tsakanin kunya da kunya,
ta kife masa gwangwani,
ta toshe bakin da ruwa.
Na ce, "Kurciya za ki kama?"
Ta ce, "Baffa, ƙasa na numfashi. Shi na zo ɗauka."

Ta miƙo mini agogo.
Duk minti ashirin in ce yanzu,
ita kuma ta soka allura a kan gwangwani,
ta zuƙo wofi,
ta ɗura wofi a 'yar kwalba,
ta rubuta wa wofi lamba da suna da ranar haihuwa.
Na leƙa in gani, ta ture ni da gwiwar hannu:
"Ja baya, naka numfashin zai shiga lissafi."

A gonata.
A gonar da ubana ya sare ƙirya da gatari aro.

Ta ce takin da na ci bashi na watsa,
in na saki ruwan kwata ya kwana a kansa,
wani sashe ba ya zuwa saiwa,
sama yake yi, ba sallama,
ya je ya ƙara wa duniya bargo a tsakar bazara.
Ta ce karan audugar da muke tarawa mu cinna wa wuta,
da gyatsar saniyata Goshi,
duk akwai littafin da ake rubuta su.

Na ce to, madalla.
Wa ke riƙe da agogo a ƙasashen da dare ba ya duhu?
Wa ya kife gwangwani a kan bututun hayaƙinsu?
Ta yi shiru, ta buɗe takarda,
ta nuna mini layi dogo kamar Nilu da damina,
sannan ta sa farce a kan wani ɗigo.
"Wannan ne mu."
Na ɗauka kashin ƙuda ne.

"To don me kike ƙona fuskarki a rana?"
Ta ce, "In ba mu auna da kanmu ba,
wani zai zauna a inuwa ya ƙiyasta mana,
kuma ka san halin mai ƙiyasi."
Na san shi.
Na sha sayar masa da auduga.

Kwana arba'in muna yi.
Ranar da na ba gona ruwa, lamba ta yi tsalle kamar ɗan akuya,
bayan kwana shida ta kwanta.
Akuyar Hajja Zahra ma ta zo ta tunkuɗe gwangwani na uku,
aka rubuta: babu awo, dalili dabba.

Bana na raba takin kashi biyu,
na binne shi a gindi, ban watsa wa iska ba.
Kada a ce don duniya na yi.
Bashin Tijjani mai shago na tuna.

Ta koma da kwalabe ɗari biyu da tara,
an jera su cikin auduga kamar ƙwai.
Zobe ɗaya ta manta a kusurwar gabas,
kwaɗo ya mai da shi gida.
Da asuba in na bi ta wurin nakan rage sauri,
har na kama kaina jiya
ina riƙe numfashi.